Ku Tambayi Baba Fasto: Zakka ko Bashi, Wanne Ke Gaba?

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Wasiƙu huɗu na zaɓa a wannan watan, kuma kamar kullum ba na sa sunan kowa. Ku karanta da Littafi Mai Tsarki a buɗe kusa da ku, ku duba ko abin da tsoho ya faɗa haka yake, yadda mutanen Biriya suka yi wa Bulus a Ayyukan Manzanni 17:11. In kun ga na rubuta Matiyu da Karin Magana, ku da ke riƙe da tsohon juyi na 1932 ku nemi Matta da Misalai. Ni ma da shi na tashi, har yau bakina can yake zamewa.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Ni mai sayar da abinci ce a Sabon Tasha, shinkafa da wake da taliya. A wurin wani Alhaji nake ɗaukar kaya bashi, in na sayar in kai masa kuɗinsa. Bara maigidana ya kwanta rashin lafiya, na taɓa kuɗin, yanzu Alhaji yana bina naira 180,000. Tun ina budurwa ban taɓa fashin zakka ba, har yanzu ina fitarwa kowane ƙarshen wata, amma shi wata huɗu ke nan ban kai masa ko sisi ba, har na daina bin layin shagonsa. Wani mai wa'azi da nake saurara a Facebook ya ce in na shuka iri na naira 50,000 a wurinsa, Allah zai share bashin cikin kwana 21. In kuma na tsai da zakka ina tsoron la'anar da ke cikin Malakai 3. Yaya zan yi?
Wata 'yar'uwa daga Kaduna

AMSA: 'Yata, Allah ya ƙara wa maigida sauƙi. Bari mu fara sallamar mutumin Facebook, don nasa ba ya buƙatar dogon zance. Kada ki tura masa ko naira ɗaya. A Ayyukan Manzanni 8, Saminu mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, tun da ya zaci baiwar Allah da kuɗi ake samunta. Naira 50,000 ɗin da yake nema ta haura kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake binki. In kina da ita, kin san ƙofar da za ki kai ta.

Akwai wata mace a 2 Sarakuna 4 da ta fi ki shiga uku. Mijinta mai tsoron Allah ne, ya mutu ya bar bashi, mai bin bashin kuma yana shirin zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Elisha ya tambaye ta me take da shi a gida, ta ce ba komai sai ɗan mai a kwalba. Ya sa ta aro tuluna a maƙwabta, ta rufe ƙofa, ta yi ta tsiyayawa har tulunan suka ƙare. Da ta koma ta faɗa masa, ki duba aya ta 7 ki ga abin da ya ce: ta je ta sayar da man, ta biya bashinta, ita da 'ya'yanta su ci saura. Annabin da aka yi mu'ujizar ta hannunsa bai nemi ko tulu ɗaya ba, kuma bai ce bashin ya ɓace ba. Allah ya ba ta abin biya, ita kuma ta je ta biya.

To, sai zancen Malakai. Annabin yana magana ne da al'ummar da ta komo daga bauta a Babila, wadda firistocinta ke miƙa makafin dabbobi da guragu a bagade, jama'a kuma suka daina kawo rabon Haikali. Nehemiya 13:10 ya ba da labarin irin wannan hali, inda Lawiyawa da mawaƙa suka bar aiki kowa ya koma gonarsa don ba a ba su rabonsu ba. Masu wa'azi suna son Malakai 3:8-10, inda ake maganar zakka da la'ana, ƙwarai, amma kaɗan ne ke farawa daga aya ta 5 ta wannan surar, inda Allah ya ce zai tsaya shaida a kan masu danne haƙƙin ɗan ƙodago da masu zaluntar gwauruwa da maraya da baƙo. Haƙƙin mutum yana cikin surar tun kafin a kai ga zakka. La'ana kuwa, Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a. Ba da kashi ɗaya cikin goma na cinikin taliya kike sayen kariya daga wurin Ubanki ba.

Yanzu zan faɗa miki mai ɗacin. Zabura 37:21 ta ce mugu ne yake cin bashi ya ƙi biya. Na san ba ƙi kika yi ba, ciwo ne ya ci kuɗin, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma canza hanya da kike yi ya fara kama da ƙi. Karin Magana 3:27-28 ta hana mu ce wa maƙwabci ya je ya dawo gobe alhali abin yana hannunmu. Ubangijinmu da kansa, a Matiyu 5:23-24, ya ce in kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. A Markus 7 kuma ya tsawata wa waɗanda ke cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su kauce wa taimakon iyayensu. Allah ba ya son a fake da sunansa a hana mai haƙƙi haƙƙinsa.

Akwai kuma wani lissafi da nake so ki sake. Matanmu da yawa masu sana'a sukan juye gwangwanin ciniki a kan tabarma da dare, su ƙirga duka, su fid da kashi ɗaya cikin goma daga jimlar. Kuɗin da ke cikin gwangwanin nan ba duka ne naki ba. Akwai na shinkafar Alhaji, akwai na gawayi, akwai na mai da tattasai, akwai ladan yarinyar da ke wanke miki kwanuka. Sai kin ware waɗannan, abin da ya rage a tabarma shi ne ribarki. In daga jimlar kike fitarwa, to wani ɓangare na zakkarki da kuɗin Alhaji kike bayarwa, shi kuma bai ce ki bayar a madadinsa ba.

Ga shawarata. Cikin makon nan ki ɗauki maigida in ya samu ƙarfi, ko shugabar Zumuntar Mata, ku je shagon da safe kafin kasuwa ta cika. Ki riƙe abin da ya samu, ko naira 10,000 ce. Ki gaishe shi, ki faɗa masa abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye, ki ba shi haƙuri a kan ɓacewar da kika yi. Sannan ku yanka abin da za ki iya kawowa duk mako, a rubuta a littafinsa da naki. In naira 5,000 ce, bayan naira 10,000 ɗin farko, cikin mako 34 kin gama. 'Yan kasuwa sun san faɗuwa, yawancinsu sun taɓa ta, abin da ke ƙona musu rai shi ne a daina ɗaukar waya. Ki tuna kuma Musulmi ba sa wasa da bashi, har a wurin jana'iza akan yi shela cewa duk mai bin mamaci ya zo ya faɗa. Mutumin nan ya san ke Kirista ce, wataƙila yana hangen ki ran Lahadi da zanen zumunta. Me kike so ya ce game da masu bi in an tambaye shi?

Na san wasu 'yan'uwana fastoci za su ce zakka ce farko ko ana ha-maza-ha-mata, kuma ina girmama su. Ni ma da zakkar manoma aka ciyar da ni da 'ya'yana, dami-dami na dawa ake kawowa ƙofar gidan fasto da kaka, don haka na san darajarta. Ban ce ki rufe hannunki ba. Ki ci gaba da sa baiko gwargwadon ƙarfinki da farin ciki, domin 2 Korantiyawa 8:12 ta ce ana karɓa bisa ga abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Ki sanar da fastonki halin da kike ciki. In ikilisiya ta san aikinta, ita ce ma ya kamata ta tallafa miki, don a Maimaitawar Shari'a 14:28-29 zakkar kowace shekara ta uku a gari ake tara ta, Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Ranar da kika biya Alhaji kuɗinsa na ƙarshe, ki koma kan zakkarki cikakkiya, ki rubuto mini.

TAMBAYA: Baba, maigidana ya rasu wata takwas ke nan. Tun lokacin in na durƙusa ba abin da ke fitowa daga bakina. A sujada in aka ɗauki waƙar da yake so sai in fita waje. Wasu mata sun ce rashin bangaskiya ne, wai mai bi ba ya baƙin ciki. Na fāɗi ke nan?
Wata gwauruwa daga Biu

AMSA: Mama, sannu. Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ba ki fāɗi ba. Ayar da matan nan ke nufi ita ce 1 Tasalonikawa 4:13, kuma rabinta suka riƙe. Bulus cewa ya yi kada mu yi baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege, bai hana baƙin cikin ba. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san yanzun nan zai tashe shi. Da aka jajjefe Istifanas, Ayyukan Manzanni 8:2 ta ce mutane masu ibada ne suka binne shi, suka yi masa kuka mai zafi. Na'omi da ta komo Baitalami ba miji ba 'ya'ya, a gaban matan gari ta ce Mai Iko Dukka ya ɗaci ranta, kuma ba inda aka rubuta cewa Allah ya hukunta ta a kan wannan magana.

Ni ma na binne matata, na san shirun da kike faɗa. Abin da ya riƙe ni shi ne na bar neman kalmomin kaina, na ari na Dawuda. Ki buɗe Zabura 13, aya shida ce kawai, ki karanta da murya kowace safiya ko zuciyarki ba ta bi ba. Sau huɗu yake tambayar Allah har yaushe. Ranar da ta yi nauyi sosai ki karanta Zabura 88, wadda ta ƙare ba tare da wata ta'aziyya ba, amma tana nan cikin Littafin. In ko wannan ya gagara, ki zauna kawai, Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana yi mana roƙo da nishi da ba su faɗuwa. Waƙar kuma, ki fita in kin ga dama, ki komo in an gama, ba laifi.

In barci ya ƙaurace miki, ko ba kya cin abinci, ko kina jin gara ki bi shi, ki gaya wa wani na kusa yau ɗin nan, ku je asibiti. Wannan ma kula da jikin da Allah ya ba ki ne.

Ku kuma matan da kuka faɗa mata haka, abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma a nan ne kaɗai suka yi daidai. Ku je ku ɗebo mata ruwa, ku share mata tsakar gida.

TAMBAYA: Baba Fasto, ni manomi ne. Da kaka nakan ajiye masara da wake kamar buhu 40, wani lokaci in ƙara saye, sai damina ta yi nisa farashi ya tashi in fitar. Da wannan nake sayen taki da biyan kuɗin makaranta. Wani dattijon ikilisiyarmu ya ce zunubi ne, ya karanta mini Karin Magana 11:26. Gaskiya ne?
Wani manomi daga Saminaka

AMSA: Ɗan'uwa, dattijon bai ƙirƙiro ayar ba. Ta ce jama'a sukan la'anci mai ɓoye hatsi, albarka kuma tana kan wanda ya fito da shi ya sayar. Amma Littafin nan guda ne ya aike mu wurin tururuwa a sura ta 6 mu koyi tanadi da kaka, kuma Yusufu kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar ya tara har shekara bakwai. Manomin da ya kwashe komai ya kai kasuwa a watan Nuwamba, lokacin da kowa ke sayarwa, ya zo yana sayen mudu da tsada a watan Yuli, ba tsarki ya fi kowa ba, lissafi ne ya kuɓuce masa. Rumbu ba zunubi ba ne.

Inda za ka duba shi ne lokacin buɗewa. Farawa 41:56 ta ce da yunwa ta game ƙasa Yusufu ya buɗe rumbunan. Mai ɓoyon da ake la'anta shi ne wanda ya ga yunwa ta shigo ya ƙara kwaɗo a ƙofa, yana jiran ta ƙara tsanani. Kowa ya ga yadda abinci ya yi bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, har a Fabrairun 2024 hukuma ta rufe wasu ɗakunan ajiya a Dawanau ta Kano bisa zargin ɓoye kaya. Buhu 40 ɗinka ba za su girgiza kasuwar Saminaka ba, amma za su iya girgiza unguwarku. In gwauruwar da ke zama benci ɗaya da matarka ta zo neman tiya biyu a watan Agusta ka ce babu, alhali ɗaki cike yake, ayar nan da kai take. Mai arzikin Luka 12 ma ba don gonarsa ta yi albarka aka kira shi wawa ba. Ka karanta maganarsa ka ƙirga sau nawa ya ambaci kansa, amfanina, rumbunana, raina, ba ko mutum ɗaya a cikin lissafin.

Abin da zan ce ka yi, tun da kaka ka ware wasu buhuna ka ce waɗannan na unguwa ne, a sayar mudu-mudu da sauƙi in damina ta yi tsakiya, wani ma a ba shi rance ya mayar da mudu ɗaya a kan mudu ɗaya. Al'adar nan ta ba da buhu da damina a karɓi biyu da kaka, kada ta shiga gidanka. Littafin Firistoci 19:9-10 ya hana manomi girbe gonarsa har gefe, ya ce a bar kala don matalauci da baƙo. Da kalar nan Rut ta ci a gonar Bo'aza.

Akwai abu biyu da ba ka tambaya ba, kuma a wurina sun fi ajiyar nauyi. Na farko mudu. Amos 8:5-6 ya yi kuka da masu rage mudu, masu ha'inci a ma'auni, masu haɗa shara da alkama su sayar. Mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, da masarar da aka zuba tsakuwa a ƙasan buhu, Allah yana gani. Na biyu wakenka. In fiya-fiya kake zubawa don ƙwari, ka daina, 'ya'yan mutane ne za su ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan magani a cikinsa. Su sun hana, mu kuma muna ci. Ka nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka busar da waken sosai, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin sukan mutu da kansu ba tare da magani ba.

TAMBAYA: Baba, maƙwabtanmu Musulmi sukan aiko mana naman layya kowace Babbar Salla. Mahaifiyata tana karɓa, amma shugaban matasanmu ya ce naman hadaya ne, bai kamata mu ci ba. Wa ke da gaskiya?
Wani matashi daga Maraɗi

AMSA: Ɗana, ka bi mahaifiyarka. A ganina gargaɗin Bulus a 1 Korantiyawa 8 da 10 a kan abincin da aka miƙa wa gumaka ne a haikalinsu, maƙwabcinka kuwa ba gunki ya yanka wa ragonsa ba. Muna da bambanci da su na gaske, mu mun gaskata hadayar Almasihu ta isa sau ɗaya tak, kuma Farawa 22 Ishaku ta ambata. Amma kwanon da aka aiko maka kyautar maƙwabtaka ce, ba wanda ya ce ka yi shahada kafin ka ci. Bulus ya ce a ci abin da ake sayarwa a mahauta ba tare da bincike ba, in wanda ba mai bi ba ya gayyace ka kuma ka ci abin da aka sa a gabanka. Ka tambayi shugaban naku wa ya yanka naman da ya ci jiya a kasuwar Maraɗi, da sunan wa kuma aka yanka.

Sai dai Romawa 14 ta ce mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kuma kada ya hukunta mai ci. In lamirinsa bai ba shi ba, kada ka matsa masa, kada ka yi masa ba'a, kada kuma ka ci a gabansa don tsokana. Shi ma ba shi da ikon kafa wa gidanku doka. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a karɓa da murmushi a zubar a bayan gida, ko a mayar da yaron da aka aiko da kwanonsa.

Ku a Nijar da ake banƙare rago a jikin itace a wuni ana gasawa, washegari a yi rabo, naman naku ma ya fi namu daɗi. In Kirsimeti ta zo ku rama. A ƙauyenmu na wajen Malumfashi tun muna yara Musulmi ake kira ya yanka akuyar Kirsimeti, don kada maƙwabta su yi shakkar ci. Ka gaya wa mahaifiyarka ta yi haka, kai kuma ka ɗauki kwanon da kanka ka kai, ka gaishe da maigidan.